Wa ya biya kuɗin binciken tun farko?

Malam Sabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya a aji wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane kamfani ne ya ƙirƙiro intanet, Google ko Facebook?" Na ce masa ba ko ɗaya, gwamnati ce ta biya kuɗin aikin. Duk ajin ya kaure da surutu, don a tunaninsu gwamnati ba ta iya komai sai karɓar haraji. Abin ya tsaya mini a rai har dare. A watan Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi, a 1958 ta kafa wata hukuma a ma'aikatar tsaro mai suna ARPA, aikinta ta zuba kuɗi a binciken da ba a san ranar da zai haifar da riba ba. Ita ce ta biya aka haɗa kwamfutocin jami'o'i da waya, aka kira abin ARPANET. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka tura saƙon farko daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles zuwa wata cibiya kusa da Stanford. Harafi biyu kawai suka isa, na'urar ta tsaya. An kafa Google a 1998, kusan shekara 30 bayan haka. Tambayata gare ku: da an bar wa 'yan kasuwa, da za mu ga wannan abu?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka ɗauki gefen da ya yi maka daɗi. Tiransista, wadda ita ce tushen duk wata waya da kwamfuta, a ɗakin binciken kamfanin Bell aka yi ta a 1947. Faifan sola na farko mai amfani, nan dai aka yi shi a 1954. Kamfani ne, ba ma'aikata ba. Ɗan kasuwa yana jin zafin kuɗinsa, in abu ba ya tafiya sai ya rufe. Ma'aikacin gwamnati kuwa albashinsa na zuwa ko ya gano wani abu ko bai gano ba. Dubi Elon Musk, ya mayar da roka abin da ake harbawa ya dawo ya sauka a sake amfani da shi, abin da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba ta yi da arha ba duk tsawon shekarunta.

Malam Sabo: Injiniya, batun Bell na yarda da kai. Sai dai ka tuna kamfanin AT&T da ke riƙe da Bell shi kaɗai gwamnati ta bari yana cin kasuwar tarho a Amurka shekaru da yawa, babu abokin gasa, shi ya sa yake da sukunin ciyar da masana su yi shekara goma suna tunani. Da aka raba kamfanin a 1984, sannu a hankali wancan irin bincike ya ja baya. Batun SpaceX, kamfanin rokar Elon Musk, kuma, a Disamban 2008, lokacin da kamfanin ke gab da durƙushewa, NASA ce ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6 don kai kaya tashar sararin samaniya.

Injiniya Bala: Kwangila ai ciniki ne, Malam. Sun biya, an yi musu aiki. Ba sadaka ba ce.

Anti Rabi mai kemis: Ku bar batun roka ku sauko ƙasa, ku zo shagona. Yau kaɗai na sayar da maganin zazzaɓin cizon sauro ya fi a ƙirga, irin wanda ake sha safe da yamma kwana uku. Injiniya, wane kamfani ne ya gano shi? Babu. A lokacin yaƙin Biyetnam zazzaɓi yana kashe sojoji, kulorokwin ya daina ji. Gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri ranar 23 ga Mayun 1967, shi ya sa ake ce masa Shiri na 523. Aka tara masana daga cibiyoyi da dama. A 1969 aka ɗora wata mata mai suna Tu Youyou kan wata tawaga a cibiyar nazarin magungunan gargajiya ta Beijin. Ta bi tsofaffin littattafai ta tattara haɗe-haɗen magani sama da 2,000. Akwai wani ganye da suke kira qinghao, ɗan'uwan tazargaden nan tamu, wani lokaci ya yi aiki a jikin ɓeraye, wani lokaci ya ƙi. Sai ta ci karo da rubutun wani likita na ƙarni na huɗu da ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha. A jiƙa, ba a dafa ba. Nan ta gane zafin wuta ne ke kashe ƙarfin maganin. Ta sauya hanyar tacewa zuwa marar zafi, a gwaji na 191 aka dace, a 1971. Da lokacin gwadawa a jikin mutum ya yi, ita da abokan aikinta suka fara sha. Sai a 2015 ta samu kyautar Nobel. Nijeriya kuwa sai a 2005 ta mayar da wannan magani na gaba-gaba maimakon kulorokwin. Daga 1967 zuwa 2005, lissafa. Wane ɗan kasuwa ne zai zuba jarinsa shekara kusan 40 a kan ciwon talakawa?

Maryam ɗaliba: Anti, ke nan in mutum ya jiƙa tazargade ya sha ya wadatar?

Anti Rabi mai kemis: A'a 'yata, don Allah kada ki yi, kuma ki hana na gida. Ba jinsi ɗaya ba ne, kuma ko ainihin ganyen Sinawan ne, ba ki san yawan sinadarin da ke cikin jiƙon ba. In ya yi kaɗan, ƙwayar cutar ba ta mutuwa, sai ma ta koyi jure maganin. Aikin ɗakin gwaji ke nan: a ware sinadarin, a auna, a haɗa shi da wani magani na biyu. A je a yi gwajin jini, a sha na asibiti har ya ƙare.

Ɗan Agadas: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai abin da kuke tsallakewa. Duk misalan da kuka kawo, yaƙi ne ubansu. ARPA ta ma'aikatar tsaro ce. Shirin Sinawa don sojoji aka yi. Manyan ɗakunan binciken Amurka irin su Los Alamos da Oak Ridge an gina su ne don haɗa bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agustan 1945, kuma mafi yawan yuraniyom ɗin shirin daga ma'adinin Shinkolobwe na Kwango aka haƙo shi. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairun 1960, iska kuwa ba ta san iyaka ba. Ku 'yan Nijeriya ma ai gwamnatinku ta kori jakadan Faransa a farkon 1961 saboda waɗannan gwaje-gwaje. Mu a Arlit tun 1971 ake haƙar yuraniyom, an yi shekaru da yawa ana kai wa Faransa ana kunna musu wuta, ƙauyukanmu da yawa suna cikin duhu. To in za a yaba wa ɗakin binciken gwamnati, a faɗi wanda aka taka aka gina shi.

Malam Sabo: Ɗan'uwa, ba ni da ja. Gaskiya ka faɗa, kuma ya kamata yara su ji wannan ɓangaren kamar yadda suke jin ɗayan. Abin da zan ƙara shi ne bayan yaƙin ba a rushe waɗannan wurare ba. Tun 1946 Oak Ridge ta fara aika wa asibitoci sinadaran da ake bin diddigin cuta da su a jiki. A Brookhaven, wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka, a 1958, aka ƙera na'urar samar da sinadarin da har yau ake yi wa majiyyaci allurarsa kafin a ɗauki hoton ƙashi ko zuciya ko ƙoda. Aikin karanta dukan ƙwayoyin gadon ɗan'adam, wanda aka fara a 1990 aka kammala a 2003, ma'aikatar makamashi ta Amurka na cikin waɗanda suka fara tura shi, saboda tun asali tana son sanin yadda tururin nukiliya ke lalata ƙwayoyin halitta. Yanzu ɗakuna 17 ne a ƙarƙashin wannan ma'aikata. Wannan bai wanke jinin Hiroshima ba.

Amma ba duka ne 'ya'yan yaƙi ba. Cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, ƙasashen Turai 12 ne suka haɗa kuɗi suka kafa ta a 1954, kuma a yarjejeniyarta an rubuta cewa ba ruwanta da aikin soja, duk abin da aka gano a wallafa shi kowa ya gani. Aikinta nazarin ƙananan ɓurɓushin da ke cikin ƙwayar zarra. A can ne wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya gaji da yadda bayanan masana ke warwatse a kwamfutoci daban-daban, a 1989 ya rubuta shawarar yadda za a haɗa su. Wannan shi ne www da muke gani a gaban adireshin shafuka. Ranar 30 ga Afrilun 1993 CERN ta sake shi kyauta ga duniya, ba lasisi ba ko sisi. Injiniya, tsakaninka da Allah, wane kamfani ne zai yi haka?

Injiniya Bala: Babu, wannan na sallama. Amma tunda muna lissafin nasara, mu lissafa asara. A jihar Texas an fara haƙa wani rami don gina na'urar nazarin ƙwayar zarra da za ta fi ta CERN girma, aka kashe kusan dala biliyan 2, majalisa ta soke aikin a 1993, ramin na nan babu komai a ciki. Batun samar da wuta ta hanyar haɗe ƙwayoyin zarra kamar yadda rana ke yi, tun shekarun 1950 ake zuba kuɗi. Sai a Disamban 2022 ɗakin Livermore ya samu kuzarin da ya fito ya ɗara wanda hasken leza na na'urorin ya kai wa abin gwajin, kuma ko shi in ka haɗa da wutar da na'urorin suka ja daga layi, asara ce mai yawa. Shekara 70 ba a kunna ko ƙwan fitila ɗaya a gidan kowa ba. Amurka na da abin ɓararwa. Ƙasar da asibitinta ba safar hannu fa?

Baba Likitan Dabbobi: Salamu alaikum. Jikana ne ya nuna mini ana wannan magana, na ce a ba ni wayar. Injiniya, ɗana, tambayarka ta ƙarshe ita zan amsa, don na ga amsar da idona.

Yaran yanzu ba su san bushiya ba, kuma Alhamdu lillahi da ba su san ta ba. Ciwo ne da in ya shiga garke, saniya za ta kama zazzaɓi, ido da hanci na zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai wari, kwana kaɗan ta faɗi. A ƙarshen ƙarni na 19 ta share shanun Afirka daga gabas har yamma, Fulani da yawa sun wayi gari ba ko ɗan maraƙi. Saboda ita aka kafa ɗakin binciken dabbobi na Vom kusa da Jos a 1924, gwamnati ce ta kafa, kuma aikinsa na farko ke nan, haɗa ruwan rigakafin bushiya. Na farkon yana da wahala, wani yakan sa dabbar ta yi rashin lafiya. Sai wani likita, Walter Plowright, da ke aiki a cibiyar gwamnati ta Muguga a Kenya, ya yi ta renon ƙwayar cutar a cikin tsokar ƙodar maraƙi a kwalba, yana juya ta daga wannan zuwa wancan har ƙarfinta ya karye. Wajen 1960 ya samu allurar da sau ɗaya ake yi wa saniya, ta kare ta har ta mutu, kuma da arha.

A 1962 aka fara gagarumin gangami da ake kira JP15, kuma a nan yankinmu aka fara shi: Nijeriya, Nijar, Cadi da Kamaru. Ina yaro na ga ana tara shanu a shinge, a yi allura a yi wa kunne shaida. Ciwon ya yi ƙasa sosai. Sai gwamnatoci suka ga kamar an gama, aka janye kuɗi, aka daina bin sababbin maruƙa. A 1983 ta dawo. Lokacin ina sabon ma'aikaci. Na je wata ruga na tarar da dattijo zaune a gindin bishiya, gawarwakin shanunsa kewaye da shi, ungulu sun ƙoshi har sun kasa tashi. Bai yi kuka ba, bai kuma amsa sallamata ba. Har yau in na rufe ido ina ganinsa.

Daga baya masu bincike suka gyara allurar ta yadda za ta jure zafi ba sai da ƙanƙara ba, aka koya wa makiyaya kansu yi. An ga ta ƙarshe a Kenya a 2001. A 2011 aka shelanta cewa babu bushiya a doron ƙasa, ita ce cuta ta biyu da ɗan'adam ya kawar bayan agana. Daga 1924 zuwa 2011 shekara 87 ke nan. Ba wanda ya fara aikin a Vom da ya ga ƙarshensa.

Injiniya Bala: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Wannan ban san shi ba, kuma jikina ya yi sanyi. Amma Baba, ai labarinka ya nuna laifin gwamnati ma: ita ta janye kuɗin har ciwon ya dawo.

Baba Likitan Dabbobi: Ƙwarai kuwa, ɗana. Ita ta janye. Amma da ta janye, ka ga wani attajiri ya zo ya maye gurbin? Shanun da suka fi buƙatar allurar suna hannun mutanen da ke can ƙuryar daji, babu hanya, babu ribar da za ta biya kuɗin man mota.

Manomi daga Giwa: Baba ya tuna mini da gyaɗa. Mahaifina yakan ce a 1975 ciwon da ke sa gyaɗa ta ƙanƙance ganye ya murɗe, wanda darɓa ke yaɗawa, ya cinye gonaki a Arewa, mutane da yawa suka bar noman ta. Ana yawan cewa man fetur ne ya kashe dalar gyaɗa ta Kano, amma fari da wannan ciwo ma sun yi nasu. Irin da nake shukawa yanzu SAMNUT 24 ne, daga Samaru ya fito, yana nuna da wuri kuma yana jure ciwon. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, ko masara ko dawa ko wake ko auduga, na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ne. Tun 1922 take nan, ta girmi jami'ar Ahmadu Bello da shekara 40. Buhun nan mai leda biyu a ciki da muke adana wake ba tare da zuba magani ba, shi ma a Marwa ta Kamaru aka fara gwada dabarar, masanan jami'ar Purdue da na cibiyar binciken gona ta Kamaru, da kuɗin gwamnatin Amurka. Da can mutane na zuba wa wake guba saboda ƙwari, a ci a kwanta asibiti.

Damuwata ɗaya ce: irin yana fitowa amma bai isa ƙauye. Malamin gona ya zama abin nema. A kasuwa kuma sai a rina hatsi da jan kala a ce ingantaccen iri ne.

Hajiya Talatu: Ni dai tunda an ambaci Samaru, waken nan da aka sauya wa halitta fa? Ban yarda da shi ba.

Manomi daga Giwa: SAMPEA 20-T kike nufi, Hajiya, wanda aka fitar a ƙarshen 2019. An sa masa abin da ke kashe tsutsar da ke huda fure da kwanson wake. Na shuka, feshi biyu na yi maimakon shida ko bakwai da na saba. Amma wannan muhawara ce mai zaman kanta.

Admin: Haka ne. Hajiya, a buɗe masa zare na daban in sha Allah, kada wannan ya watse.

Dakta Usman: Na zo a makare. Ni mai bincike ne, na yi shekara tara a wata cibiyar gwamnati da ba zan ambata ba, don haka bari in faɗa muku yadda abin yake daga ciki. Akwai na'urar da aka sayo mana da kuɗi masu yawa, ta yi shekara uku a cikin akwatinta saboda ba a sa kuɗin girkawa da horar da mai sarrafa ta a kasafi ba. Na taɓa tara samfuri na wata 14 a firiza, aka ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, babu man janareta, ranar Litinin na zubar da su duka. Na zauna a mota na yi hawaye. Kusan duk abin da ake warewa albashi ne, na aikin kansa sai abin da ya rage. Don haka in Injiniya ya ce akwai ɓarna, ba ƙarya ya yi ba.

Amma inda muka rabu da shi: maganin wannan ba rufewa ba ne. Ku dubi Barazil. A farkon shekarun 1970 tana shigo da abinci. Tsakiyar ƙasar akwai wani makeken daji da ake kira Cerrado, kamanninsa ɗaya da dajinmu, ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, ƙasar kuma tsami gare ta, kowa ya ce ba ta noma. A 1973 gwamnati ta kafa hukumar binciken aikin gona mai suna Embrapa. Abu na farko da suka yi shi ne tura ɗaruruwan matasa karatun digiri na biyu da na uku a waje, kuma suka tanadar musu wurin aiki da albashin da zai dawo da su. Suka gano yawan farar ƙasa da takin da za a zuba a kashe tsamin. Waken soya amfanin ƙasashen sanyi ne, suka yi ta haɗa iri har suka samu wanda ke yi a ƙasa mai zafi. Wata masaniya, Johanna Döbereiner, ta yi aiki kan ƙwayoyin da ke zama a saiwar shuka suna jawo mata abinci daga iska, har manoman soya suka huta da sayen takin yuriya. Ciyawar da suka inganta wa shanunsu ma asalinta daga Afirka aka kai ta. Yau Barazil ce ta ɗaya a duniya a noman waken soya. An share daji mai yawa a kan haka, wannan ma gaskiya ne, kuma ana ta rigima a kai.

Taiwan kuma a 1973 ɗin nan ta kafa cibiyar ITRI. A 1976 ta biya kamfanin RCA na Amurka ya koya wa wasu matasan injiniyoyinta haɗa ƙananan ƙwaƙwalen lantarki. Cibiyar ta gina ƙaramar masana'antar gwaji, da abin ya kankama sai ta yaye shi ya zama kamfani. A 1987 kamfanin TSMC ya fito daga cikinta, gwamnati ce ta zuba kaso mafi tsoka na jarin farko. Wayar da ke hannunka, akwai yiwuwar ƙwaƙwalwarta daga can ta fito.

Injiniya Bala: To ai ka zo inda nake, Dakta. Sai da ya zama kamfani sannan ya amfani duniya.

Dakta Usman: Na yarda, amma ba a yaye abin da ba a haifa ba. Labarin fenisilin ya fi nuna yadda hannuwan biyu ke wanke juna. Wani likita, Alexander Fleming, ya lura da fumfunar da ke fitar da maganin a 1928, abin ya kwanta. Masanan Oxford suka tace ta a 1940, amma ɗan abin da suke samu bai isa mutum ɗaya ba. Majiyyacinsu na farko, wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, har daga fitsarinsa suke sake tacewa, ya rasu. A 1941 suka kai ƙoƙon bararsu Amurka, aka tura su wani ɗakin binciken ma'aikatar gona a garin Peoria, wanda aka gina don neman amfanin rarar amfanin gona. A can ma'aikatan suka gwada renon fumfunar a ruwan jiƙon masara, irin wanda mata ke zubarwa in sun jiƙa hatsin kamu, yawan maganin ya ninka. A 1943 aka samo wata fumfuna mafi ƙarfi a jikin wani ruɓaɓɓen ɗan itace dangin kankana daga kasuwar garin. Daga nan kamfanoni irin su Pfizer da Merck suka ɗauka da manyan tankuna. Ba wanda ya gina ɗakin Peoria da niyyar magani.

Maryam ɗaliba: Dakta, ina aji uku a fannin kimiyyar sinadarai, kuma maganarka ta firiza ta karya mini gwiwa. Mu a nan akwai abin da ya rage? Ƙawayena duk maganarsu yadda za su fita waje ne.

Dakta Usman: Akwai, ƙanwata. A Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike a cibiyar makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello, yana aiki tun 2004, ana auna abin da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci da shi, kuma a 2018 aka sauya masa makamashi zuwa wanda ba a iya haɗa bam da shi. Vom na nan tana haɗa alluran rigakafi, har da na annobar kajin nan ta lokacin hunturu. A Nijar akwai cibiyar binciken aikin gona ta INRAN tun 1975. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a shekara kan bincike, an faɗa a Legas a 1980, an maimaita a Khartum a 2006, Nijeriya ba ta kusanci hakan ba. Koriya ta Kudu da Isra'ila suna kashe wajen kashi 5 ko fiye. In kin samu damar fita, ki fita ki koyo, ban ga laifi ba. Ki dai riƙe lambar malamanki na gida, ki zaɓi matsalar da ta shafi mutanenki.

Ɗan Agadas: Sai dai a ƙara da cewa kuɗi kaɗai ba ya yi in 'yan siyasa suka sa hannu a sakamakon. Sobiyet ta zuba kuɗi sosai, amma Stalin ya ɗaure wa Lysenko gindi, mutumin da ya ƙaryata ilimin gadon halitta. Nikolai Vavilov, wanda ya zaga duniya har Habasha yana tara irin shuka, a kurkuku ya mutu da yunwa a 1943. Ma'aikatan cibiyarsa a Leningrad, lokacin da Jamusawa suka yi wa birnin ƙawanya, wasunsu sun mutu da yunwa suna gadin ɗakunan da ke cike da shinkafa da gyaɗa da dankali, ba su ci ba, don iri ne.

Injiniya Bala: Inna lillahi. To ni ga inda na tsaya. Na janye maganar cewa 'yan kasuwa kaɗai sun isa. Ban janye cewa a nan gida sai an binciki kowace cibiya an ga me ta fitar a shekara goma ba. Wadda ba ta da abin nunawa a haɗe ta da wata, kuɗin ya tafi inda ake aiki.

Dakta Usman: A bincika, ina goyon baya. Sai dai a kula da ma'aunin. Da an auna Tu Youyou a gwaji na 190, da an ce ba ta da abin nunawa.

Malam Sabo: Zan kwafi jawabin Baba in karanta wa 'yan ajin nan ranar Litinin, in ya ba ni izini. Akwai 'ya'yan Fulani huɗu a cikinsu.

Baba Likitan Dabbobi: Na ba ka, Malam. Ka ce su tambayi kakanninsu labarin 1983, za su ji abin da ya fi nawa. In kuma makarantarku na da halin mota, ku kai su Vom su ga wurin. Tsohuwar almakashin da muke yi wa kunnen shanu shaida da ita tana nan a akwatina, in za ku je ku biyo ku karɓa ku nuna musu.